Kason Hanta

A makarantar sakandaren da na yi aiki a Birnin Gwari, yara ba sa wahalar da kansu da sunayen malamai. Abin da kake koyarwa shi ne sunanka. Ni ne Malam Tarihi, abokina kuma Malam Lissafi, kuma haka aka ci gaba da kiranmu har bayan mun yi ritaya. Unguwarmu ɗaya. Akwai wani benci a gindin darbejiyar ƙofar gidana, a kansa muke gyara ƙasar nan baki ɗaya, da fatar baki, kowace yamma tsakanin la'asar da magariba.

Ni nake jan salla a ƙaramin masallacin unguwar. Ba don na fi kowa karatu ba. Limaminmu ne ya rasu, aka duba aka ga ina da 'yan izifi a kai, ba na yawan tafiya, ba na kuma tsawaita ruku'u. Ban nemi wurin ba, amma na so shi. Mutumin da ya saba tsayawa a gaban aji, ranar da aka karɓe masa alli, yana bukatar wani wurin tsayawa.

Shekarar da muka ajiye aiki aka gaya mana mu duka biyun cewa muna da hawan jini. Kamar kyautar sallama ce, kowa da tasa. Ni har da ƙari, don na daɗe ina fama da olsa, kuma kowace safiya sai na haɗiyi wani kafso da ke kwantar mini da zafin ciki. Tun ina zuwa da takardar likita har mai kemis ya daina tambayarta.

Wata yamma Lissafi ya zo da wayarsa a hannu, fuskarsa irin ta wanda ya gano amsar da ta gagari aji. Ya kunna mini muryar wani mutum, irin saƙonnin nan da ake turawa daga waya zuwa waya. Mutumin yana da zaƙin baki. Ya ce nama ne ke kashe dattawa, ƙwai yana toshe jijiya, kifi ma ba shi da tabbas. Wanda ke son ya ga auren jikokinsa ya koma ga ganye da hatsi.

"Ka ji, Tarihi? Kakanninmu me suke ci? Tuwo da miyar kuka. Suna kai ɗari."

"Wa ya ƙirga musu?" na ce.

"Kai dai ba ka rasa gardama. Mu gwada. Ni da kai. Duk abin da ya taɓa numfashi, mun bar shi."

Na ce ban da nono, don ni da fura mutuwa ce za ta raba mu. Ya ce an yafe mini nono. Muka yi musabaha a kan bencin nan kamar masu ƙulla yarjejeniyar sulhu.

Da na shiga gida na sanar da maiɗakina, tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ko akuya tana lasar kanwa," ta ce. "Wace irin ibada ce wannan da ba a cikin littafi take ba?"

"Lafiya ce, ba ibada ba."

"To, Allah ya ba da lafiyar. Naman dai ba zai yi kwantai ba a gidan nan."

Ni mutum ne mai riƙe doka. Shekarun da na yi ina tsare jarrabawa ban taɓa juya wa aji baya ba. Na bar nama, na bar kifi, na bar ƙwai. Na fita daga watandar da muke yi ta ƙarshen wata, inda magidanta ke haɗa hannu a sayi sa, mahauci ya yanka ya kasa kashi-kashi, kowa ya aika a ɗauko masa. Har ranar layya, da muka dawo daga idi aka gasa hantar rago aka miƙo mini, kamar yadda aka saba maigida ya fara buɗe baki da ita, na sa albarka na tura wa yara. Maiɗakina ta dube ni kamar na ƙi amsa sallama.

Da farko abin ya karɓe ni. Na sauke teɓa, jinin ya ɗan sauka. Kowace yamma maiɗakina takan kawo mana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a benci. Ni in ci kamar mai noma, Lissafi ya yi loma biyu ya tsame hannu.

"Cikina ya saba da kaɗan," yakan ce.

Ni kuwa sai in yaba masa a gaban duk wanda ya tsaya gaishe mu. "Ku dubi mutumin nan. Ga shi nan kamar ɗan talatin. Ganye kawai." Sai ya yi murmushi ya shafa gemu, fuskarsa tana sheƙi.

Sai daji ya lalace da 'yan bindiga. Ba sai na ba kowa a nan wannan labarin ba, kowane gida yana da nasa. Abin da ya shafi kwanona shi ne akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono daga wata ruga ta wajen Kusasu, tun 'ya'yana suna ƙanana. Wata rana ta zo ba ƙwarya a kanta. An kore musu shanu, za su tashi. Ta yi mana sallama a zaure tana share hawaye da bakin zane, ba mu sake ganinta ba. Nono ya yi wuya a gari, wanda ake samu kuma rabinsa ruwa da garin kuka. Maiɗakina ta ce a riƙa sayo madarar gari. Na ce a bari, ai dama abokina ba ya sha, ga shi kuma lafiya lau. Na koma dama fura da tsamiya.

Ciwon bai zo da sallama ba. Tafukan ƙafafuna ne suka fara yin kamar ina taka ƙananan tururuwa. Na canza takalmi. Sai yatsun hannu suka ɗauka, maɓallin riga ya zama mini aiki. Harshena ya yi sumul, ya yi ja, yaji kaɗan sai in ji kamar na lashi garwashi. In na hau 'yar matakalar masallaci sai na tsaya na huta. In na rufe ido wajen wanke fuska a alwala, sai ƙasa ta nemi zamewa, har na koma dafa bango. Na je kemis, aka ce taifot ne da maleriya. A garinmu ko ƙashi ka karya, da taifot za a fara. Aka haɗa mini da ruwan maganin ƙarin jini. Na shanye, tururuwar ba ta tafi ba.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ya tsorata ni kaina ne. Sunaye suka fara gudu. Ni da nake jero sarakunan Zazzau ba tare da duba takarda ba, sai ga shi ina tsaye a tsakar gida ina neman sunan buta. Mahaifina ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa, har yakan tambaye ni ɗan gidan wane ne ni. Ban taɓa gaya wa kowa irin tsoron da nake yi wa wannan gadon ba. Wata yamma a benci na gaya wa Lissafi. Ya dafa kafaɗata ya ce in bar wa Allah.

Ranar da abin ya fito fili magariba ce. Na karanta Fatiha, na ɗauko wata gajeriyar sura wadda ɗan Islamiyya ke rerawa yana wasa da ƙasa. Ina tsakiyarta ta ɓace. Ba kuskure na yi ba, fili ne kawai ya buɗe a kaina, fari fat. Masallaci ya yi tsit. Nan take, kafin in ko ja numfashi, murya ta taso daga bayana da ƙarfi ta ɗora mini. Lissafi ne. Haka shari'a ta ce, mamu ya buɗa wa liman, ban ga laifinsa ba. Amma abin ya sake faruwa, ya kuma sake.

Shi Lissafin aka turo mini. Ya zauna a inda ya saba, ya daɗe yana jan carbi.

"Jama'a sun ce a hutar da kai, Tarihi. Na ɗan lokaci."

"Wa zai ja?"

"To, sun matsa mini. Ka san ba so nake ba."

Da daddare ba a yi maganar ba, sai washegari maiɗakina ta dawo daga gidan suna fuskarta a ɗaure. Mata suna yi mata jaje, wai sun ji ruɗewar gado ta kama Malam, irin ta mahaifinsa. Ta tambaye ni wa na gaya wa wannan. Na ce wataƙila dai bakin Lissafi ne ya suɓuce wajen kare ni. Ta ce, "Uhm."

Ita ce ta kafe sai mun je Kaduna, wajen 'yarmu da ke aure a can. Na daɗe ina ƙi, don a lokacin ba a bin hanyar sai a ayari, kowa addu'a a baki. Ta ce da mutuwar zaune gara ta hanya. Muka tafi.

Likitar da ta duba ni yarinya ce, sa'ar 'yata. Ta ce in tsaya in haɗe ƙafafu in rufe ido. Da ba ta tare ni ba da na sha ƙasa. Ta duba harshena, ta sa aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta tambaye ni, "Baba, me kake ci?"

Na gyara zama na ba ta bayani da alfahari, har da ƙa'idoji. Ta tambayi kafson da nake sha, da tsawon shekarun da na yi ina shansa. Sai ta ajiye biro.

Ta ce akwai wani sinadari da ake kira bitamin B12, a littafi kuma kobalamin. Abin da jiki ke bukata a rana bai kai ƙwayar gero ba, amma da shi ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, da shi kuma ake gyara rigar da ke lulluɓe jijiyoyi, tun daga yatsan ƙafa har ƙwaƙwalwa, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Jiki ba ya yin sa da kansa. Hatsi ba shi da shi, ganye ba shi da shi. Yana cikin hanta, da nama, da kifi, da ƙwai, da nono.

"Zogale fa?" na ce. Ina neman ko da maki ɗaya.

"Zogale yana da nasa amfanin, Baba, ka ci gaba da ci. Amma wannan ba aikinsa ba ne."

Na ce ai na yi shekaru lafiya bayan na daina. Ta ce hantar mutum rumbu ce, tana tara shi, sai a daɗe ana ci daga rumbu ba a sani ba. Nonon da nake sha shi ne ɗan abin da ke shiga. Da ya yanke, rumbu ya ƙare. Ga shi kuma ciki yana bukatar tsaminsa kafin ya tsamo sinadarin daga abinci, tsufa yana rage tsamin, kafsona yana ƙara ragewa. Wato na toshe ƙofa, na kuma toshe taga.

"Ruɗewar fa? Ta gado ce?"

"Ban isa in yi maka alkawari ba. Amma na ga abin da zai iya jawo ta, kuma yana da magani. Kan yakan dawo. Ƙafafun ne ban sani ba, an ɗan makara."

Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa. Na shekara talatin ina koya wa yara yadda dauloli ke faɗuwa, ga tawa ta faɗi a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Maganin allura ce ja, kamar zoɓo. Aka fara yi mini a jere, daga baya aka riƙa ba da tazara. Ta canza mini tsarin shan maganin olsa, ta ce in koma cin hanta da ƙwai da kifi daidai gwargwado, hawan jini kuma gishiri da kitse ne zan kiyaye. Kafin mu bar Kaduna harshena ya daina zafi. Wata safiya na tashi ina jero sarakunan Zazzau a banɗaki, har 'yata ta buga ƙofa ta ce lafiya.

A mota, a hanyar dawowa, Lissafi ne a raina. Ya fi ni tsanani, ko nono ba ya sha. Na ce lallai rumbunsa ya kusa ƙarewa, dole in gaya masa tun kafin tururuwa ta kama shi. Har na roƙi likita ta rubuta mini sunan gwajin don shi.

Mun iso ana gobe watanda. Da safe na ɗauki sanda na tafi da kaina in sa suna. Na tarar an riga an feɗe san, mahaucinmu yana durƙushe yana kasawa a kan buhuna, tsoka nan, ƙashi nan, kayan ciki nan.

"A'a! Malam Tarihi! Yau wace rana? An ce ka zama ɗan'uwan zomo."

"Na tuba, sarkin fawa. A sa ni, kuma likita ta ce hanta."

Ya tsaya da wuƙa a hannu, ya sosa ƙeya. "Hanta kuma? Malam, ka zo da rigima. Ai rabin hantar nan da mai ita. Sai dai ku sasanta, tunda kai da shi ba a shiga tsakaninku."

"Da wa?"

"Mutuminka mana, Malam Lissafi. Shi fa ba ya wasa da hanta." Ya nuna wani kashi da aka ware gefe, an rufe da takardar siminti. "Ga nasa nan. Ta gidan ƙaninsa ake kai masa. Na ce masa, Malam, ƙofar gidanka ba ta buɗuwa ne? Ya ce in yi abin da aka sa ni."

Na tambaye shi tun yaushe.

"Tun yaushe me? Ai bai taɓa fita ba. Da ka fita dai ya ɗan yi fashi, sai ga shi ya dawo wai jiri yake gani."

Na tsaya a kan ƙafafun da ba na jin ƙasa da su, ina kallon takardar simintin, jini ya jiƙa ta ya yi taswira. Na ce a ba ni duk abin da ya samu.

Da la'asar Lissafi ya zo benci da fara'arsa, yana yi mini barka da dawowa. Na shiga gida na ce wa maiɗakina yau ba zogale. Ta soya hantar da na samo, ta barbaɗa yaji, na fito da ita na ajiye a tsakaninmu.

"Bismilla. Ba ta kai taka yawa ba, an ce rabin da mai ita."

Ya dubi farantin. Ya dube ni. Sai ya yi dariya, irin wadda yaro ke yi in an kama shi da takarda a aljihu.

"Mahaucin nan bakinsa ba linzami."

"Kai naka da linzami. Shekara nawa?"

"Haba, Tarihi. Na gwada, wallahi na gwada. Jikina ya ƙi. Na so in gaya maka, to kullum kana tsayar da mutane kana cewa su dube ni. Ta ina zan fara? Kai ma ka cika ɗaukar komai kamar jarrabawa."

"Ka ga ina dafa bango. Ka ga na kasa sa maɓalli."

"Ina na san nama ne? Likita ne ni?"

"Malamin lissafi ne kai. Mutum biyu suka fara abu tare. Ɗaya ya ci gaba yana lalacewa, ɗaya ya daina yana sheƙi. Ɗan aji ɗaya zai yi wannan ɗebewar."

Ya kawar da kai. Na ci gaba.

"Maganar mahaifina fa? Ita ma kunya ce ta sa ka kai ta masallaci?"

"Tambayata aka yi me ke damunka. Me zan ce?"

"Da ka ce yunwa."

Har yau ban sani ba ko ya taɓa zargin abin da ke cina. Mai yiwuwa bai yi ba. Mutum yana iya ƙin duba abin da zai hana shi barci. Amma abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, balle hanta. Kalma ɗaya ce, a ce, "Na daina." Da na yi masa tsiya na mako guda, in koma watanda, ƙafafuna suna nan.

Ya tashi da aka kira salla. Bai taɓa farantin ba. Ni na cinye.

Kan ya dawo, kamar yadda likita ta yi fata. Ƙafafun ba su dawo duka ba. Tururuwa ta ragu, amma yatsun kamar na aro ne, kuma sanda ta zama abokiyar tafiya. Ba wanda ya ce in koma gaba. Jama'a sun saba da muryar Lissafi, kalmar ruɗewa kuwa in ta manne wa mutum ba ta fita da sabulu. Na ɗan lokaci, ya ce. Na san irin wannan lokacin, na koyar da tarihin gwamnatocin riƙon ƙwarya.

Ina sahun farko, bayansa daidai, don nan ne kusa da ginshiƙin da nake dafawa. Wata magariba bayan damina ya ɗauko sura mai ɗan tsawo, wadda ta fi ƙarfin haddarsa. Ya kai tsakiya ya tsaya. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Masallaci ya yi tsit, irin tsit ɗin da na sani. Ina ganin ƙeyarsa, gumi yana gangarowa daga ƙarƙashin hula. Ba wanda ya san ayar a sahun nan sai ni, ga ta kuma a bakina, sarai, har da wadda ke biye da ita.

Na bar shi ya ji yadda shirun yake. Numfashi ɗaya, wataƙila biyu. Allah ya yafe mini na biyun. Sannan na ɗora masa, a hankali, yadda ake buɗa wa liman ba tare da an tara masa jama'a ba. Salla ba tasa ba ce.

Da aka sallame, wani dattijo a gefena ya juyo ya dube ni da kyau, ya ce, "Ashe Malam kai na nan." Na ce yana nan.

Lissafi ya same ni a ƙofa ina neman takalmi da sanda, don ƙafar ba ta gane nata. Ya miƙo hannu, na ba shi.

"Gobe zan leƙo benci," ya ce.

"Na sa an shigar da shi ciki," na ce. "Maiɗakina tana shanya kuɓewa a kai."